Kada Mu Cinye Iri: Tunani Domin Idin Iyali Mai Tsarki



Kowace shekara, da zarar mun yi bikin haihuwar Mai Ceto, Ikkilisiya Mai Tsarki takan ɗora mana gidan Nazarat a gabanmu, wato Yesu da Maryamu da Yusufu, domin kowannenmu ya dubi nasa gidan. Wannan idi yakan same mu a lokacin da kaka ta ƙare, an kai amfanin gona gida, rumbuna sun cika. Duk manomin ƙwarai ya san aikin da ake yi a wannan lokaci: kafin uwargida ta fara ɗiba daga rumbu, sai ya zaɓi zangarku mafi kyau, ya ɗaure su dabam, ya rataye su inda ɓera da gara ba za su kai ba. Wannan shi ne iri. Ko yunwa ta yi tsanani da bazara ba a taɓa shi, gama wanda ya cinye iri ya cinye tuwon baɗi.

Bangaskiyar da muka karɓa a ranar baftismarmu abinci ce ga rayukanmu, iri ce kuma da aka ba mu amana. Mai yiwuwa ne mutum ya rayu da ita, ya sami ta'aziyya a cikinta, a binne shi da addu'ar Ikkilisiya, amma ya tafi bai bar wa 'ya'yansa ko ƙwaya ɗaya ba. A kan wannan amana nake so mu yi tunani tare.

TSARA ƊAYA TAK

Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun a kan sandararriyar ƙasa, Allah ya umarci Joshuwa ya sa mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin. Aka kafa duwatsun nan a Gilgal. Littafin Joshuwa sura 4 ya faɗi dalili a fili: domin wata rana yara za su gan su, su tambayi iyayensu ma'anarsu, iyayen kuwa su ba su labarin abin da Allah ya yi. Haka kuma aka tsara Idin Ƙetarewa a Fitowa sura 12. A gida ake cin ɗan ragon, ana kuma sa rai yaro zai yi tambaya, uba ya amsa. A Maimaitawar Shari'a sura 6 Musa ya ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu dokar Allah a kowane lokaci na yini, a gida da kan hanya, safe da dare. Tun daga farko, nufin Allah ne sanin sunansa ya riƙa wucewa daga bakin iyaye zuwa kunnen 'ya'ya.

To, me ya faru? Littafin Mahukunta sura 2 ya gaya mana cewa jama'a sun bauta wa Ubangiji duk kwanakin Joshuwa, da kwanakin dattawan da suka rayu bayansa. Joshuwa ya rasu yana da shekara 110. Da mutanen zamaninsa suka shuɗe, sai waɗanda suka taso bayansu suka zama baƙi ga Ubangiji, labarin ayyukansa ma bai kai gare su ba, suka koma bin gumakan maƙwabtansu.

Ku lura da wannan da kyau. Kakannin yaran nan sun ci manna a jeji. Iyayensu sun ga garun Yariko ya rushe. Duwatsun nan 12 suna nan a Gilgal, ba wanda ya kawar da su. Babu wani sarki da ya hana su ambaton sunan Allah. Abin da ya ɓata shi ne labari: manya sun shagala da sababbin gonaki da gidajen da suka samu a ƙasar alkawari, suka yi shiru, shirun tsara ɗaya kuwa ya isa ya tsinke igiyar da aka saƙa tun daga Ibrahim.

SHEKARA FIYE DA 200 BA FADA

Tarihin Ikkilisiya ya ajiye mana wani labari da ke kishiyar wannan, daga ƙasar Japan a can gabas mai nisa. Waliyyi Faransis Zabiya ya kai bishara ƙasar a shekarar 1549, mutane da yawa suka karɓi baftisma. Ba a jima ba sai tsanani ya tashi. A 1597 aka gicciye Kirista 26 a birnin Nagasaki, har da yara a cikinsu. A 1614 masu mulki suka haramta addinin Kirista gaba ɗaya, aka kori masu wa'azi, aka rushe majami'u. Kafin shekarar 1650 babu sauran Fada ko ɗaya a ƙasar. Kowace shekara akan tara mutanen yankin Nagasaki a tilasta musu taka hoton Yesu ko na Maryamu da ƙafa, domin a gane wanda ke Kirista a ɓoye. Duniya ta ɗauka an gama da Ikkilisiya a Japan.

Bayan ƙasar ta sake buɗe ƙofofinta ga baƙi, sai Fadoji 'yan Faransa suka gina wata majami'a a unguwar Oura a Nagasaki domin Turawan da ke zaune a wurin. A ranar 17 ga Maris, 1865, wasu talakawa daga ƙauyen Urakami suka zo ƙofar majami'ar. Fada Bernard Petitjean ya buɗe musu. Wata mace a cikinsu ta matso kusa da shi, ta raɗa masa cewa zuciyarsu ɗaya da tasa, ta kuma nemi a nuna musu siffar Maryamu. Ashe dubban mutane ne a ƙauyuka da tsibirai suka riƙe bangaskiya a ɓoye, tsara bayan tsara, ba Fada, ba Mas, ba majami'a.

Yaya suka yi? A kowane ƙauye akwai dattijon da aikinsa shi ne kiyaye lissafin kwanaki, domin ya san ranar Kirsimeti da lokacin Azumi da ranar Tashin Ubangiji. Akwai wanda aikinsa yi wa jarirai baftisma. Akwai mai kai saƙo gida gida. Sauran aikin kuwa na iyaye ne: da dare, bayan an rufe ƙofa, uwa takan koya wa ɗanta addu'o'i da baki, a hankali, har ya haddace, tana sane da cewa in maganar ta fita waje rayukansu duka ne a kan layi. Ko bayan an gano su wahala ba ta ƙare ba. An kwashe fiye da mutum 3,000 daga Urakami aka watsa su a wurare dabam dabam, ɗaruruwa suka mutu, sai a 1873 aka sassauta dokar.

Akwai kuma wani darasi a ƙarshen labarin. Waɗansu daga cikin Kiristan nan na ɓoye, saboda daɗewar da suka yi ba mai koya musu, addu'o'insu sun gauraya da al'adun gargajiya, har da Fadoji suka dawo ba su yarda su koma cikin Ikkilisiya ba. Wannan ya nuna mana cewa gida yana bukatar Ikkilisiya domin koyarwa ta zauna daidai, Ikkilisiya kuma tana bukatar gida domin koyarwar ta yi saiwa.

Ku auna labaran nan biyu, 'yan'uwana. Isra'ilawa suna da 'yanci da firistoci da akwatin alkawari, tsara ɗaya ta ishe su mantuwa. Mutanen Urakami ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, suka riƙe amana har fiye da shekara 200. Bambancin da ke tsakaninsu yana cikin abin da ake faɗa wa yara a gida.

MU FA?

Mu ma muna da namu duwatsun Gilgal. A shekarar 1907 ne Fadoji uku na ƙungiyar SMA, wato Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka sauka a Shendam. Daga irin waɗannan ƙananan mafarai bishara ta bazu a Arewa. Fadoji kaɗan ne, ƙasa kuwa da faɗi, saboda haka mafi yawan aikin ya faɗa a kan katekis da malaman makaranta. Dattawanmu suna tunawa da katekis ɗin ƙauye da kekensa, mai kaɗa ƙarfe da asuba, mai tara yara a gindin itace yana maimaita musu katekisma har su haddace, mai jagorantar sujadar Lahadi a inda Fada ba ya zuwa sai bayan watanni. Suna tunawa da masu neman baftisma da sukan yi shekara biyu ko uku suna koyo, da waɗanda iyayensu suka kore su daga gida saboda sun ƙi komawa ga tsafi. Da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Kaduna a watan Fabrairu na 1982 ya keɓe sababbin Fadoji 'yan ƙasa, amfanin wannan shuka ne ya gani.

A zamanin dā makarantar mishan tana ɗauke wa iyaye rabin nauyi, gama yaro yakan fara yini da addu'a, ya koyi addini tare da lissafi. A cikin shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun nan. Makarantun sun tafi, amma al'adar jingina komai ga malami ta zauna a zukatan iyaye da yawa. Har yanzu akwai masu ganin cewa da zarar sun tura yaro ajin katekisma ran Asabar sun sauke nauyi. Mu yi lissafi: mako ɗaya yana da awa 168. In katekis ya sami awa 2, Mas ta Lahadi ta sami awa 2, saura awa 164. Wa ke koyar da yaron a cikinsu? Abokai ne, da titi, da talabijin, da wayar da ke hannunsa har tsakar dare. In gida ya yi shiru, waɗannan ba za su yi shiru ba.

Sakamakon yana gaban idonmu. Yaro ya karɓi Jibi na farko da fararen kaya, an ɗauki hoto, an dafa shinkafa, daga nan ba a sake ganinsa wurin furta zunubi ba. Saurayi ya tafi makaranta a birni, wani ya tare shi da tambaya a kan Maryamu ko a kan rosari, bai san abin da zai ce ba, kunya ta kama shi, baɗi sai a ji ya koma wani wuri. Budurwa ta isa aure, ba ta ga dalilin da zai sa ta nemi albarkar Ikkilisiya ba. Waɗansu ma ba su koma ko'ina ba, ƙwaya da giya ne suka ɗauke su. A gidaje da yawa kaka tana addu'a da yarenta ko da Hausa, jikoki ba su ji sai Turanci, babu kuma wanda ya zauna ya haɗa su a kan addu'a ɗaya.

Mu dubi maƙwabtanmu Musulmi. Da asuba da yamma muna jin muryar 'ya'yansu suna karatu a makarantar allo da Islamiyya, yaro ɗan shekara 7 ya iya alwala ya san lokutan salla. Wannan himma abin koyi ce, ya kamata ta sa kowane uba Kirista ya tambayi kansa ko ɗansa mai shekara 7 ya iya yin alamar gicciye daidai.

ALKAWARIN DA MUKA ƊAUKA

Wannan nauyi da bakinmu muka karɓe shi. A ranar aure, Fada ya tambayi ango da amarya ko za su karɓi 'ya'ya daga hannun Allah su kuma rene su bisa koyarwar Kristi da Ikkilisiyarsa, suka amsa a gaban shaidu. A ranar baftismar jariri an sake tambayar iyaye ko sun fahimci abin da suke ɗauka, suka ce sun fahimta. Aka kunna kyandir daga babban kyandir na Ista aka miƙa musu, aka gargaɗe su su kiyaye wannan haske kada ya mutu. Dokar Ikkilisiya ma ba ta yarda a yi wa jariri baftisma ba sai da kyakkyawan zato cewa za a rene shi cikin bangaskiyar Katolika.

Babban Taron Batikan na Biyu, wanda aka rufe a 1965, ya kira iyali ikkilisiyar cikin gida, ya kuma koyar cewa iyaye su ne malamai na farko kuma mafi girma ga 'ya'yansu. Bayan taron Bishop-Bishop na Afirka na 1994, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo birnin Yawunde a 1995 ya tabbatar da shawararsu cewa a ɗauki Ikkilisiya a Afirka a matsayin Iyalin Allah. A 2021 Paparoma Faransis ya kafa aikin katekis a matsayin hidima ta musamman a cikin Ikkilisiya. Duk da wannan girma da aka ba katekis, mataimaki ne shi. Mai gona shi ne uba da uwa.

Uban baftisma da uwar baftisma kuma su tuna cewa aikinsu bai ƙare da sayen rigar jariri ba. Iyaye su daina zaɓen mutum domin kuɗinsa ko muƙaminsa, su zaɓi wanda za su so ɗansu ya zama kamarsa a gaban Allah.

ABIN DA YARO KE GANI

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro yana koyo da ido fiye da yadda yake koyo da kunne. Bishara ta Luka sura 2 ta nuna mana cewa Yusufu da Maryamu sukan tafi Urushalima kowace shekara domin Idin Ƙetarewa, tafiya ce ta kwanaki a ƙafa daga Nazarat, kuma da Yesu ya kai shekara 12 tare suka tafi. Daga baya, a sura 4, Luka ya ce shiga majami'a ran Asabar al'adar Yesu ce. A ina ya sami al'adar? Ɗan Allah da kansa, da ya zama mutum, ya yarda ya koyi addu'ar mutanensa a gidan masassaƙi.

Ina da magana ta musamman gare ku, iyaye maza. A majami'unmu da yawa kujerun mata sun cika, Zumuntar Mata tana kaɗa tulu tana waƙa, wajen maza kuwa da sauran wuri. Uban da yakan kori yara su tafi coci shi kuwa ya zauna a inuwa da rediyo, ya riga ya koya wa ɗansa cewa addini na mata ne da yara, kuma ranar da ya yi gemu shi ma zai huta. Ku tuna da Eli, firist na Shilo. Ya yi hidima a ɗakin Allah, har ya reni Sama'ila ɗan wani, amma ya ƙyale 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ɓarna bai hana su da ƙarfi ba, gidansa ya rushe a rana ɗaya. Yaron da ya taɓa ganin ubansa a durƙushe yana addu'a ba zai manta ba har tsufansa.

Ku kuma, iyaye mata da kakanni, ku ƙarfafa. Timoti, abokin aikin Waliyyi Bulus, mahaifinsa Baheleni ne. Da Bulus ya so ya faɗi asalin bangaskiyarsa, sunan kakarsa Loyis da na uwarsa Afiniki ya ambata. Gwauruwa mai renon marayu, da macen da mijinta ba ya zuwa coci, da kakar da aka bar wa jikoki a ƙauye, duk sun isa su tayar da bawan Allah.

Mu sani kuma cewa yara suna auna addu'armu da halinmu. In sun ji muna yin rosari da dare, da safe kuma sun ga an rage mudu a kasuwa, ko an karɓi cin hanci, ko an doki uwarsu, ko an tafi wurin boka a asirce sa'ad da ciwo ya ƙi ji, abin da suka gani shi za su riƙe. Haka nan a wannan lokaci na tashin hankali, inda iyalai da yawa suka rasa 'yan'uwa ko suka bar gidajensu, yara suna sauraron yadda muke magana a kan waɗanda suka cuce mu. Mu nemi gaskiya da adalci, amma kada mu bar musu gadon ƙiyayya da sunan Kristi.

ME ZA MU YI?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina roƙon kowane gida ya fara da waɗannan a sabuwar shekara:

1. A sa lokacin addu'ar iyali kowane dare, ko da na minti 10 ne, a kashe talabijin, a ajiye waya. Maigida ya jagoranta, a riƙa ba yara su ma su ja addu'a.

2. A koya wa yaro alamar gicciye da Addu'ar Ubangiji da gaisuwar Maryamu da Dokoki Goma da harshen da ake magana da shi a gida, tun kafin ya shiga ajin katekisma.

3. A tafi Mas tare. Bayan an dawo, a tambayi yara abin da suka ji a Bishara.

4. A ba su labari: wa ya fara karɓar baftisma a gidanmu, wane katekis ne ya koya masa, wace wahala ya sha. A gaya wa kowane yaro ranar baftismarsa da tarihin waliyyin da ya ci sunansa.

5. In yaro ya yi tambaya mai wuya, kada a tsawata masa. In ba a san amsa ba, a tafi tare wurin Fada ko katekis. Iyayen da suka manta katekisma su koma su koya, ba abin kunya ba ne.

6. A riƙa tafiya da yara wurin gaishe da marasa lafiya da kai taimako ga mabukata, domin su ga bangaskiya tana aiki.

GA WAƊANDA 'YA'YANSU SUKA BAUƊE

Akwai iyaye masu karanta wannan da hawaye, domin sun yi iyakar ƙoƙarinsu amma ɗa ya bauɗe. Bangaskiya kyautar Allah ce, ba a cusa ta da bulala, kowane mutum kuma yana da 'yancin amsawa. Namu shi ne shuka da ban ruwa. Ku tuna da Waliyyiya Monika, 'yar Afirka ta Arewa, daga ƙasar da ake kira Aljeriya a yau. Ɗanta Agustin, wanda aka haifa a 354, ya bar koyarwarta ya bi wata ɗarika ta ɓata har kusan shekara 9. Ba ta tsine masa ba, ba ta kuma fid da zuciya ba. Ta bi shi da addu'a, ta haye teku ta same shi a Italiya. A daren Ista na shekarar 387 Bishop Ambros ya yi masa baftisma a birnin Milan, a cikin wannan shekara kuma Monika ta rasu. Ɗan nan ya zama Bishop na Hippo, ɗaya daga cikin manyan malaman Ikkilisiya. Iri yakan daɗe a cikin ƙasa kafin ruwa ya sauka. Ku bar ƙofar gida a buɗe, ku ci gaba da addu'a.

Mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, kai ne ka danƙa Ɗanka a hannun Maryamu da Yusufu. Ka dubi gidajenmu da jinƙai. Ka ba iyaye maza ƙarfin hali su yi jagora, ka ba iyaye mata haƙuri da hikima, ka saka wa katekis ɗinmu da alheri, ka komo da 'ya'yanmu da suka yi nisa. Ka sa hasken da aka kunna mana a ranar baftisma ya kai ga jikokinmu da tattaɓa kunnenmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Yesu, Maryamu da Yusufu, ku tsare iyalanmu.